Ƙarin girma a cikin duhu: wa ya tsallake wa?

Babu maganar da ta fi yawo a bakin ma'aikatan gwamnati na ƙasar nan kamar "an tsallake ni." Ana jin ta a Safo, nan bakin Maraɗi, inda malaman makaranta ke zama bayan la'asar, ana jin ta a Madarumfa, a Jiratawa, a Gabi, a Ɗan Isa, ana kuma jin ta a manyan ofisoshin Yamai. Kowane mai faɗinta da dalilinsa a hannu. Wannan ya ce don bai taɓa riƙe katin jam'iyyar da ke mulki ba. Wancan ya ce don shi mutumin gabas ne, masu sa hannu kuwa mutanen yamma ne. Takwaransa na Doso ko Tilaberi shi ma ya rantse cewa don shi ba mutumin gabas ba ne. Mace ta ce don ita mace ce. Ɗan talaka ya ce don ba shi da kowa a sama. Hukuma kuwa, in ta ga dama ta tanka, amsarta ɗaya ce tun zamanin Nasara: buƙatar aiki ce ta sa.

Maganar da muke so mu yi a nan ba za ta yi wa kowane ɓangare daɗi ba. Mai kukan an nuna masa bambanci ba ya iya kawo hujja, hukumar da ake zargi ita ma ba ta iya wanke kanta, kuma dalili ɗaya ne ya ɗaure su duka biyun: a cikin duhu ake raba girma a ƙasar nan. Duhun nan kuwa ba ganganci ba ne, da gangan aka bar shi, don yana da masu cin moriyarsa.

Sai mun rarrabe abubuwa tukuna, domin kalmar "ƙarin girma" jaka ce da ake zuba kaya iri-iri a cikinta. Dokar ma'aikata, daga ta watan Disamba 1989 har zuwa ta 23 ga Yuli 2007 da ta gaje ta, ta kasa ma'aikata aji-aji gwargwadon takardar shaidar karatunsu, daga A zuwa ƙasa, kowane aji kuma da matakalarsa. Akwai hawan mataki da ke zuwa da shekaru, duk shekara biyu, wanda ba ya buƙatar alfarmar kowa in dai dosiyen mutum bai yi barci a cikin durowa ba. Akwai hawa daga daraja zuwa daraja, wanda ake duba makin da shugaba ya ba na ƙasa da shi, a jera sunaye, kwamitin da ke da wakilan ma'aikata a ciki ya zauna a kai. Akwai sauyin aji ga wanda ya ci konkur ya koma karatu, a ENA da aka kafa tun 1963 ko wata makaranta, ya dawo da sabuwar takarda. Sannan akwai na huɗu, wanda shi ne uwa uba, wato naɗi: darektan makaranta, majon asibiti, sufeto, shugaban ofishin duwan, darektan jiha, babban sakatare. Shi naɗi ba shi da matakala, ba shi da layi. Mai alƙalami ya ga dama ya ɗauko na baya ya ɗora bisa na gaba, doka ba ta tilasta masa ya ce uffan ba. Kuma a nan ne maiƙon yake, domin kujera ce ke zuwa da alawus, da mota ko babur, da gida, da ikon rubuta makin wasu. Mafi yawan kukan da ake ji, in aka bi shi a hankali, a wannan ƙofa ta huɗu yake ƙarewa.

A ɗauki malamin da ya yi shekara 18 yana koyarwa a ƙauyukan da ke bakin Gulbin Maraɗi, ya yi ajin zana, ya yi ajin laka, damina ta sha raba shi da makarantarsa. Wata safiya sai takarda ta iso, an naɗa wanda shi ya koya wa yadda ake cika rajista ya zama darektansa. To, wa zai tambaya? Ba a yi shelar cewa kujerar ta faɗi ba, balle ya nema. Ba a ce ga sharuɗɗa ba, balle ya auna kansa. Ba a ce ga waɗanda aka duba ba, balle ya san da wa aka gwada shi. Abin da ya rage masa shi ne zato, shi kuwa zato ba ya rasa abinci: zai tuna an ga sabon darektan a gidan wani ɗan siyasa ranar suna, zai tuna matarsa ƴar'uwar wane ce. Mai yiwuwa gaskiyarsa ce. Mai yiwuwa kuma yaron ya fi shi iya aikin nesa ba kusa ba. Ba wanda zai taɓa sani, har shi kansa, kuma zai ƙarasa shekarunsa na aiki da wannan ƙulli a zuciya, yana ba yara rabin abin da yake iya ba su.

Kada wani ya ce zargin bambanci ƙirƙira ce ta masu ƙyashi. Yana da asali, kuma asalinsa a rubuce yake. Tun da Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka mai da shi Yamai a 1926, makaranta da ofis suka fi kusa da mutanen yamma, suka riga kowa shiga aikin gwamnati. Aka soke jam'iyyar Sawaba a 1959, wadda ƙarfinta ya fi yawa a nan gabas, ko da yake jagoranta Djibo Bakary shi kansa mutumin yamma ne, abin da masu wa'azin ƙabilanci ba sa son a tuna musu. Diori Hamani, Seyni Kountché, Ali Saibou: shugabannin ƙasa uku a jere, daga 1960 har 1993, duk daga yanki guda. Mutanen Maraɗi suka kama kasuwa, suka yi arziki a cikinta, amma suka daɗe suna ganin ofis kamar gonar wasu. Wanda ya ce wannan jin ba shi da tushe, bai san ƙasar ba.

Sai dai a duba maganin da muka sha. Bayan jinin ɗaliban da aka zubar a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, bayan taron ƙasa da ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ƙarƙashin André Salifou, inda aka yi ta rantsuwa cewa daga yau cancanta ce za ta yi magana, sai zaɓen 1993 ya kawo ƙawancen AFC, da Mahamane Ousmane, mutumin gabas na farko a kan kujerar shugaban ƙasa. Me aka yi? Aka baje muƙaman ƙasa bisa tabarma kamar naman layya, CDS ta ɗebi nata, PNDS ta ɗebi nata, ANDP ta ɗebi nata, ƙananan jam'iyyu suka tsinci abin da ya zube. Jama'a ba su sha wahalar raɗa wa abin suna ba, da Hausa suka raɗa shi, har jaridun Faransanci suka ara: wasoso. Duk wanda ya taɓa ganin an watsa wa yara dabino a ƙofar gida ya san ma'anar kalmar, ya kuma san cewa a wasoso ba mai haƙuri ne ke samu ba, mai ƙarfin kafaɗa ne. Ma'aikatan da suka yi shekaru suna kukan an danne su saboda yankinsu, suna samun alƙalami sai suka danne wasu saboda katinsu. Aka ajiye ƙwararrun da ake zargi da warin MNSD a ofisoshin da ba tebur, suna karɓar albashi, in an biya, suna karanta jarida. Gudun gara aka yi, aka faɗa gidan zago.

Kuma kada ƴan MNSD su yi murmushi, domin da ƙawancen ya wargaje, Mahamadou Issoufou ya ajiye kujerar firaminista a watan Satumba 1994, aka sake zaɓen ƴan majalisa a Janairun 1995, Hama Amadou ya zama firaminista, abin da ya fi zafi a rikicinsa da shugaban ƙasa ba farashin hatsi ba ne, ba bashin albashin ma'aikata ba ne, ba kuma raɗaɗin karya darajar sefa da aka yi a Janairun 1994 ba ne. Naɗi ne. Firaminista ya sauke shugabannin kamfanonin gwamnati ya sa nasa, shugaban ƙasa ya ƙi kiran taron ministoci don kada ya sa hannu, aka yi ta kai da kawowa har gaban kotun ƙoli, ƙasa ta tsaya cik. Ranar 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya zo da bindiga ya raba gardama. Jamhuriya ta uku, wadda aka saya da jinin yara, a kan tambayar "wa za a naɗa" ta mutu. Wanda ke ganin maganar ƙarin girma ƙaramar magana ce ta ƴan ofis, ya tsaya nan ya yi tunani.

Tun daga lokacin ba a rasa doka ba. In da takarda na maganin wannan cuta, da Nijar ta fi kowa lafiya. A 1999, zamanin riƙon ƙwarya na Daouda Malam Wanké, an yi dokar rarrabe manyan muƙaman ƙasa da sharuɗɗan naɗa masu riƙe su. A watan Agusta 2011 an sake yin wata, wadda ta ware kujerun siyasa daban, kujerun ƙwarewa daban. Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, kafin a jingine shi a 2023, ya jera ɓangaranci da ƙabilanci da fifita dangi da son kai a cikin abubuwan da doka ke hukuntawa. Duk da haka mutanen gari suka ci gaba da kiran tsarin da sunan da suka ba shi, PAC, wato dangi, abokai da idon sani. A 2016 sai da aka soke konkur ɗin ɗaukar ma'aikatan lafiya ɗungurungum saboda maguɗi. In ƙofar shiga ke nan, wadda ake yi da jarrabawa da masu gadi a idon jama'a, yaya ke nan matakalar ciki wadda ba mai gani? Yanzu an rushe jam'iyyu tun watan Maris 2025, an kuma maye gurbin zaɓaɓɓun magadan gari da naɗaɗɗu tun Afrilun 2024, wasu na cewa ai an kashe maciji. Ba mu yarda ba. Katin jam'iyya riga ce kawai. PAC ya girmi jam'iyyu, ya yi zamani da Diori, ya yi da Kountché duk da tsoron da ake ji na ziyararsa ta ba-zata a ofisoshi, kuma muddin mai alƙalami ba ya ba kowa dalili, ba abin da zai hana shi yin zamani da kowa.

Kukan mata shi ne wanda ya fi sauƙin tabbatarwa, don shi ana iya ƙirga shi da yatsa. Ranar 13 ga Mayu 1991 sai da matan Yamai suka fito kan titi kafin a buɗe musu ƙofar kwamitin shirya taron ƙasa. Dokar kaso ta watan Yuni 2000 ta ce a manyan naɗe-naɗe kada wani jinsi ya gaza kashi 25 cikin ɗari, a 2019 aka ɗaga zuwa kashi 30. Madalla. Amma dokar ta fi jin ƙarfinta a saman bishiya, inda ake ɗaukar hoton ministoci. A sauko ƙasa, a zaga makarantu da ɗakunan shan magani na karkara, a ƙirga matan da ke aiki, sannan a ƙirga matan da ke shugabanci. Hujjar da ake kawowa ba ta sauyawa: za ta haihu, mijinta ba zai bari a kai ta daji ba. Wa ya tambaye ta? An yanke mata hukunci a bayan idonta, an kuma kira shi tausayi.

Akwai kuma waɗanda ko bakin cewa an tsallake su ba su da shi, don ba su kan matakalar ma sam. Tun ƙarshen shekarun 1990, da aka shiga ɗaukar malaman sa-kai, daga baya na kwantaragi, don a cika azuzuwa da kuɗi kaɗan kamar yadda masu ba da bashi na waje suka so, an ƙirƙiro ma'aikaci mai aji ɗaya da alli ɗaya da na dindindin, amma ba mataki, ba daraja, sai jiran ranar da za a ba shi lambar ma'aikaci. Wannan bambanci ne da gwamnati ta sa wa hannu da kanta.

Yanzu ga ƴan kasuwa, waɗanda na san wasunsu na karanta wannan shafi suna cewa rigimar ƴan boko ce, ba ruwansu. Alhaji, da ruwanka, har da tsakinka. Ma'aikacin da ya hau kujera ta hanyar alfarma ya san ba aikinsa ne ya kai shi ba, ya san kuma ba aikinsa ne zai tsare masa ita ba. Wanda ya ɗora shi yake bauta wa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin askin nan daga ina yake fitowa? Daga motarka da ta kwana uku a kan iyaka, daga takardarka da ta ɓace sai an "duba", daga harajin da ake yi maka ciniki a kansa kamar goro. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Su wa suka riƙa ɗaukar nauyin jam'iyyu a garin nan, suka saya musu motoci da turamen atamfa, sannan bayan zaɓe suka hau mota zuwa Yamai da ƴar takarda a aljihu mai sunan wanda suke so a kawo musu duwan, da wanda suke so a ɗauke? Wanda ya sayi jami'i yau don kayansa su wuce, ya sani gobe wanda ya fi shi kuɗi zai sayi wani don kayan nasa su tsaya. Ƙaramin ɗan kasuwa mai buhu goma, wanda ba ya iya sayen kowa, shi ke biyan kuɗin duka biyun.

Wasu na cewa mu yi koyi da maƙwabta, a raba muƙamai jiha-jiha a rubuce, kowa ya san rabonsa. Mutanen Maraɗi ba sa buƙatar a ba su labarin Najeriya, Jibiya na nan kusa, Katsina gida ce. Tun tsarin mulkinsu na 1979 suka rubuta ƙa'idar raba daidai tsakanin jihohi, a 1996 suka kafa mata hukuma ta musamman. Kukan an danne mu ya ƙare a can? Bai ƙare ba, sai ma ya sami ofis da ma'aikata. Kason jiha yana kare jiha, ba ya kare mutum. Ranar da aka ce kujera kaza rabon Maraɗi ce, ɗan wani babba na cikin birni ne zai hau ta da sunanmu duka, malamin Safo kuwa yana nan inda yake, an ma ƙwace masa bakin kuka, tunda an ce ai naku ne a kai.

Dole kuma a faɗi wadda sandika ba sa son ji. Ba duk mai cewa an tsallake shi ne aka zalunta ba. Akwai wanda ba ya zuwa aiki sai ranar Talata, ya koma ranar Alhamis. Akwai wanda ajinsa ya fi sanin bayansa da fuskarsa. Akwai wanda shekaru kaɗai ya tara, kamar tsohuwar tukunya. Irin waɗannan sun fi kowa ɗaga murya, don duhun da ke ɓoye zaluncin shugaba shi ne kuma ke ɓoye lalacinsu. Shekaru hujja ce, amma ba su kaɗai ba ne hujja, kuma ƙungiyar ma'aikata da ke kare kowane ɗanta ido rufe, mai gaskiya da marar gaskiya, tana zubar da mutuncin mai gaskiyar ne. Ga shugabanni su ma da nasu: makin shekara ya zama sadaka, kowa a ba shi mai kyau don a zauna lafiya, har makin ya daina bambanta kowa da kowa. To, in takarda ta ce duk ɗaya suke, da me za a zaɓa in ba da idon sani ba?

Za a ce ai akwai kotu. Akwai. Doka ta ba ma'aikaci damar ya fara kai kuka wurin shugabansa, in bai gamsu ba ya nemi alƙali ya soke takardar. An ma taɓa kafa ofishin mai shiga tsakani, wanda Cheiffou Amadou ya riƙe daga 2011. Amma a auna abin da ake nema ga mutumin da ke Safo: ya rubuta ƙara a kan wanda zai ba shi maki a ƙarshen shekara, ya yi tafiyar sama da kilomita 600 zuwa Yamai, ya ɗauki lauya da albashin da ba ya kai shi ashirin ga wata, ya yi duk wannan cikin ɗan wa'adin da doka ta yanka, sannan ya tsaya gaban alƙali ya tabbatar da abin da ke cikin zuciyar wani. Ko ya yi nasara, kafin hukunci ya fito an riga an tura shi wani ƙauye da ba a jin ɗuriyarsa, saboda buƙatar aiki.

Abin da muke nema ba ya cin ko dala. Duk kujerar da ba ta siyasa ba, daga darektan makarantar ƙauye har darektan jiha, in ta faɗi a yi shela, a kafe takarda a bangon ofishin sufeto da na magajin gari wata guda kafin naɗi, da sharuɗɗanta: shekaru kaza, takarda kaza, maki kaza. Wanda ke so ya nema a rubuce. Bayan an zaɓa a sake kafe wata takardar, da sunayen duk waɗanda suka nema da abin da kowa ya samu, da sa hannun waɗanda suka zauna. Wanda aka bari a ba shi dalili a rubuce, ko layi uku ne, a kuma ba shi wurin da zai ɗaukaka kuka nan Maraɗi, gaban mutanen da ba su ne suka yi naɗin ba. In ya nuna ya fi wanda aka ɗauka shekaru da maki da takarda, to nauyin bayani ya koma kan hukuma, ita za ta faɗi abin da ta gani, ba shi ne zai tono abin da ta ɓoye ba. Minista ya riƙe ikonsa na zaɓen mashawartansa da ƴan ofishinsa, ba mai yi masa gardama a nan. Amma majon asibitin ƙauye ba mashawarcin minista ba ne.

Mun san abin da za a ce: wannan zai ɗaure hannun shugabanni, zai jawo gardama, zai tona asirin ma'aikata. Gardamar ai tana nan, a gindin bishiya ake yin ta maimakon a ofis. Sakamakon jarrabawar yaranmu kuwa, ƴan shekara 15 da 16, a bainar jama'a ake shelanta shi kowace shekara, wanda ya ci da wanda ya faɗi duk gari ya sani, ba wanda ya ce an ci mutuncinsu. Muna jiran babban jami'in da zai fito ya gaya wa malaman Safo dalilin da ya sa abin da yaro ke iya ɗauka ya fi ƙarfin mai neman zama darektansa.